Ɗaurin rodin filolina ya saɓa wa zane, jibi za a zuba kankare

Abu Khadija: Salamu alaikum 'yan uwa. Shekara 6 ina fama da ginin nan, sau biyu yana tsayawa. Mai ɗaurin rodin ƙanin matata ne, shi ya tsaya mini tun daga tushe. Jiya na auna: zane ya ce tazarar ringi (ƙananan rodin da ke zagaye rodin tsaye) milimita 100 a sama da ƙasan kowace fila, wato ginshiƙi, shi ya yi 200 tun daga ƙasa har sama. Bakin ringin ma digiri 90 ya lanƙwasa, zane kuwa 135. Yankinmu akan yi girgizar ƙasa. In sa a kwance?

Injiniya Bala: Kwance shi, Malam, babu wata shawara. Idan ƙasa ta girgiza, fila a kanta da gindinta take cin wuya. Kankaren waje ya ɓare, bakin 90 ya buɗe kamar ƙugiyar da aka miƙe, rodin tsaye ya bankare waje. Na 135 kuwa cikin kankare yake nutsewa. Duba hotunan girgizar ƙasar Turkiyya ta Fabrairun 2023, za ka ga filoli a haka. A ina ya haɗa rodin tsaye?

Abu Khadija: Daidai kan dakin, wato kankaren bene, a gindin fila, kamar yadda kowa ke yi.

Injiniya Bala: Nan ne mafi muni. Tsakiyar fila ake haɗawa. Kuma mahaɗar fila da bim (kankaren da ke kwance a kan filoli), ka leƙa, na san babu ringi ko ɗaya.

Baba Magini: Haba yaro. Shekara 30 ina gini, ban ga wanda ya faɗi saboda bakin ringi ba. Ya ƙara siminti kawai. Ku injiniyoyi sai ku cika ƙarfe har tsakuwa ta kasa wucewa.

Maman Ilham: Ni nawa injiniyan zane ya miƙo ya ɓace, ko waya ba ya ɗauka. Hawa nawa ne ginin ma?

Injiniya Bala: Baba, siminti ba ya hana rodi bankarewa.

Abu Khadija: Rodin fa mai kaurin milimita 16 ne, ban yi rowa ba. Kuma kafinta ya riga ya rufe fila 5 da katako. Da wane ido zan kalli surukaina? Idan na cusa ƙarin ringi a sauran kawai fa?

Injiniya Bala: Biyar ɗin fa, su ba gidan suke ɗauke da shi ba?