Abin da aka tattauna a Garwa kan bitamin masu narkewa a ruwa

Mata sun zauna a Garwa da wata ungozoma, hira ta kai kan bitamin C da dangin B. Ta ce yawancinsu jiki ba ya ajiye su da yawa, rarar fitsari ke fitar da ita, don haka kullum sai an ci. B12 ne hanta ke adanawa shekaru. Nama, kifi, ƙwai da nono ke kawo shi.

An fi daɗewa kan girki. In aka tafasa zogale ko yakuwa aka zubar da ruwan, bitamin ya bi ruwan. Kanwa kuma tana lalata bitamin C da B1, ga shi hannunmu bai san kaɗan ba in ana miyar kuɓewa. Shawarar dai a rage kanwa, a daina dafa ganye har ya yi baƙi. Gwaiba da lemo a ci su ɗanye.

Wata ta ce, "Inna, mai ciki fa?" Ungozomar ta ce a sha folik asid, wanda shi ma dangin B ne, mikirogiram 400 kullum, tun kafin ɗaukar ciki ma, yana kare lakar jariri. Gidan da tuwon masara ne safe da dare, a haɗa da gyaɗa saboda bitamin B3, don masara kaɗai ba ta wadatar da shi.