Hitar wanka marar tanki: abin da masu gyara suka ce

Da hunturu ya kankama a Katsina, hirarmu da masu gyaran famfo a Ƙofar Ƙaura ta koma kan hitar da ke ɗumama ruwa nan take.

Yawancinsu sun ce in ta ƙi tashi, a fara duba ƙarfin ruwa. Tankin ruwan gida in bai yi sama sosai ba, hitar ba ta jin ruwan. A cire 'yar rariyar bakin bututu a duba, sau da yawa yashin rijiyar burtsatse ne ya toshe ta. Farin dattin da ke daskarewa ciki kuwa, ruwan binega yake narkar da shi.

Abin da ya fi damuna wutar lantarkin ce. Tana jan wuta sosai, siririyar waya sai ta yi zafi. Wanda ya ji shokin a shawa ya kashe hitar nan take, ya kira mai lantarki.