Waɗanda suka karanta zane da sassaƙa a jami'a, ku ba mu labari

Ummu Hanifa: Assalamu alaikum. Ƙanena ya cike fom ɗin JAMB, ya zaɓi fannin zane da sassaƙa a jami'ar gwamnati. Baba ya ce shi bai ga abin da za a koya wa yaron ba, tunda tun yana firamare yake zana mutane a bayan littafi. Don Allah wanda ya yi karatun nan ya faɗa mana gaskiyar abin da ke ciki.

Ɗan Samaru: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni a ABU Zariya na yi. A gaya wa Baba, ido ake fara koya wa mutum kafin hannu. Shekarar farko fensir ne da gawayi kawai. Za a ajiye tulu da ƙwarya a tsakiyar ɗaki, ka shafe awa uku kana duban inda haske ya sauka da inda inuwa ta kwanta. Daga nan a tura ku kasuwa ku zana mutane suna cikin harkarsu. Ba na manta wata mai ƙosai da na zauna gefenta kwana huɗu. Ranar ƙarshe ta karɓi takardar, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ɗan nan, har ƙunar da ke hannuna ka sa?" Ranar na san na fara gani.

Kuma sashen ya girmi jami'ar kanta, wadda aka kafa a 1962. Tun a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka haɗa ƙungiya a Zariya, suka ce ba za su tsaya kwaikwayon Turawa ba, sai sun shigo da adon gargajiyarsu cikin aikin.

Mai Burushi: Hajiya, ku dai shirya wa kuɗin kayan aiki, don ba ya ƙarewa. Mu yadi muke saya a kasuwa, kafinta ya haɗa mana katako, mu ɗame yadin a kai, mu shafe shi da farin fentin gida da aka gauraya da gam. Launi biyar na saya, sauran duk haɗawa nake yi. Na sha kwana a ɗakin aiki ina jiran fenti ya bushe.

'Yar Ƙofar Mata: Yaya, akwai abin da ba a taɓo ba: batun sassaƙa surar mai rai. Ya dame ni ƙwarai a farko, har na je na tambayi malamin unguwarmu. Shi ma ƙanenki ya tambaya, kada ya bari abin ya zauna masa a rai. Da aka zo zaɓen fanni na ɗauki adon tufafi. Aikina na ƙarshe a karofin Ƙofar Mata na yi shi, wajen masu rini da shuni da toka da kanwa, na ɗora dagi da irin zanen bangon gidajen birni a kan yadi. Yau da shi nake ci, har yara biyu nake koya wa.

Ummu Hanifa: Allah Ya saka muku da alheri. Da daddare zan karanta wa Baba labarin mai ƙosan nan. Malam Mai Burushi, waɗanne launuka biyar ne? Zan fara saya masa tun yanzu.