Me ya rage wa damben boksin farin jini? Ga abin da aka tattauna

1. Kusan kowa ya ɗora laifin kan yawan kambu. Hukumomin boksin na duniya, wato WBA, WBC, IBF da WBO, kowacce da nata zakara a aji ɗaya, har mai kallo ya rasa gwanin gwanaye. Tun bayan Lennox Lewis a 1999, ba a sake samun wanda ya haɗe kambunan ajin masu nauyi ba sai Usyk, da ya doke Fury a Riyadh a 2024. Shawara: a tilasta wa zakaru su riƙa karawa da juna.

2. Masu shirya wasa na jan ƙafa. Sai da Mayweather da Pacquiao suka fara manyanta sannan suka haɗu a 2015, kuma kallon ya yi tsada. Matasa da dama sun koma kallon UFC, gasar faɗan da ke haɗa dambe da kokawa.

3. Alƙalanci: a riƙa hukunta alƙalin da ya yi son kai.

An rabu kan kuɗin da Saudiyya ke zubawa a boksin: wasu na ganin ceto ne, wasu suka ce ranar da aka rufe lalitar, shi ke nan. Karawar Jake Paul, tauraron YouTube, da tsohon zakara Mike Tyson kuwa, mafi yawa sun ce wasan kwaikwayo ne, ni ma haka na gani, kodayake wasu sun ce ta jawo sababbin masu kallo.