Neman shawara: yaya ake gane nau'in tsutsa mai shimfiɗaɗɗen jiki?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na ɗaga tukunyar fure na tarar da wata tsutsa doguwa mai yauƙi, jikinta a shimfiɗe, kanta da faɗi kamar bakin fartanya. Launinta ruwan ƙasa mai haske, da baƙaƙen layuka daga wuya har wutsiya. Ba tana ba ce, ba kuma matsattsaku ba. Ina son sanin ainihin sunanta. Me zan duba a jikinta?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam Malam. Wannan kan da ka faɗa na dangin Bipalium ne. Ƙirga layukan. In biyar ne, kuma baƙin da ke wuya bai haɗe ta sama ba, to Bipalium kewense ce, wadda aka fara bayyanawa a 1878 daga lambun Kew na Landan. Abincinta kuwa tanar ƙasa ce.

Amsa ta biyu:
Ɗan'uwa, kada mu yi saurin yanke hukunci. Layi da launi hanya kawai suke nunawa. Malam, fara da idanu, ka sa madubin ƙara girma. Ga misali daga wasu tsutsotsin masu shimfiɗaɗɗen jiki: Platydemus manokwari, 'yar asalin Niyu Gini mai cin katantanwa, idanu biyu gare ta kacal, kanta siriri, bayanta baƙi-baƙi da farin layi ɗaya a tsakiya. Obama nungara ta Kudancin Amurka kuwa idanunta ba su ƙirguwa, sun bi gefen jiki.

Sai ka kifar da ita. Bakinta a cikinta yake, wajen tsakiyar jiki, ta nan take zuro maƙogwaronta in za ta ci abinci. Bayansa akwai ƙaramar ƙofar haihuwa. Auna nisan kowanne daga kai, ka kuma dubi faɗin farin tafin da take jan ciki da shi.

Tabbacin nau'i dai yana cikin gaɓoɓin haihuwa, domin kowace ɗaya tana ɗauke da na namiji da na mace. Masana kan yanka wurin siriri-siriri su duba a na'urar ƙara girma. Matsalar ita ce kewense ta fi yaɗuwa ta hanyar tsinkewar wutsiya, guntun ya tsiro sabon kai, don haka sau da yawa ba a samun gaɓoɓin ma. A nan gwajin DNA ke raba gardama.

Mai tambaya:
Na gode Malama. To in jefa ta a sifirit yanzu don a adana ta?

Amsa ta biyu:
A'a, ɗauki hotonta da rai tukuna, sama da ƙasa, da rula a gefe. Sifirit na kashe launi, jikin kuma ya takure.

Amsa ta uku:
Don Allah ka sa safar hannu. An gano dafin tetirodotoksin a jikin kewense. Kuma kada ka datsa ta da niyyar kashewa, biyu za ka mayar da ita.