Jirage biyu za su rabu a Zanzibar: me za mu shirya?

Baban Khalifa, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum. Mu takwas ne daga nan Kaduna muke shirin hayar ƙananan jiragen ruwa biyu masu tafiya da iska a Zanzibar a watan Agusta, kowane da kyaftin ɗinsa. Za mu yi kwana uku tare, daga Nungwi, a ƙarshen arewacin tsibirin Zanzibar, kuma jirgi ɗaya ya nufi tsibirin Pemba ta arewa, ɗayan ya gangara tsibirin Mafia ta kudu. Akwai ma mutum ɗaya da yake son ya sauya jirgi a ranar rabuwar. Masana, me ya kamata mu gama kafin kowa ya kama gabansa?

Malam Sani, Kawo:
Wa alaikumus salam. Alhaji, fara da duba watan. Daga wajen Afrilu zuwa Oktoba iskar da mutanen can ke kira Kusi ce ke kaɗawa daga kudu maso gabas, kuma Agusta na tsakiyarta. Ruwan gaɓar ma arewa yake gudu, a lokacin yakan kai mil 2 zuwa 3 a awa. Masu zuwa Pemba sun huta: daga Nungwi zuwa Mkoani, tashar jiragen ruwan Pemba, kusan mil 30 ne na teku (kowane mil mita 1,852), iska da ruwa na tura su, a yini guda sun isa. Wahalarsu sai a dawowa. Masu zuwa Mafia kuwa fiye da mil 100 ne a gabansu, suna karo da iska da ruwa gaba ɗaya. Jirgin da ke yin mil 5 a awa, idan ruwa ya cinye masa 2, saura 3, tafiyar awa ashirin ta haura talatin, ga amai ga jiƙewa.

Saboda haka ko ku ɗage zuwa tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin Kaskazi mai kaɗawa daga arewa maso gabas, ko masu Mafia su bi ta gefen yamma na tsibirin Zanzibar, su kwana a Dar es Salaam, su riƙa tashi da asuba kafin iska ta yi ƙarfi. Injin jirgi irin wannan yana shan lita 2 zuwa 3 na dizal a awa. Ku lissafa awa 30, ku ƙara kashi ɗaya cikin uku na ko-ta-kwana, wajen lita 120 ke nan. Kada a raba jarkokin mai daidai wa daida don kawai a nuna adalci, mai doguwar tafiya shi ke ɗaukar mafi yawa.

Hajiya Maman Ilham, Malali:
Batun mai sauya jirgi shi ne ya fi ɗaukar hankalina. Kowane jirgi yana da takardar sunayen waɗanda ke cikinsa, da lambar fasfo, kuma kyaftin ne ke da alhakinsu. A cire sunansa daga wannan, a shigar a wancan, tun kuna kan tudu, inda akwai ofishin shige da fice. Abin da ke yawan ɓaci shi ne fasfo: mutum ɗaya ya tattara na kowa a jaka guda mai hana ruwa, a rabu, sai an isa Mkoani jami'i ya tambaya a tuna jakar tana hanyar Mafia. Zanzibar na da gwamnatinta a cikin Tanzaniya, ana duba fasfo ko daga Dar es Salaam mutum ya fito. Kowa ya riƙe nasa, da katin rigakafin shawara, da maganinsa na kullum, musamman masu hawan jini ko ciwon suga.

Kuɗi kuma a rufe lissafi a daren ƙarshe, a rubuce: mai, abinci, kuɗin shiga wuraren da aka killace, kamar gandun ruwa na Mafia da aka kafa a 1995. Bashin da aka bari sai an dawo Kaduna shi ke ɓata zumunci.

Injiniya Bala, Barnawa:
Yaya Hajiya ta faɗi gaskiya, amma akwai abin da ya fi fasfo haɗari. Jirage biyu masu tafiya tare kan dogara da juna ba tare da an lura ba: wannan ke da akwatin magani, wancan ke da bel ɗin inji na safaya da matatar man inji. A baje komai a fili, a tabbatar kowane jirgi ya tsaya da ƙafarsa: rigar ceto ga kowa, ruwan sha lita 4 ga mutum a rana da ƙarin na kwana biyu, tocila, da na'urar EPIRB mai aika kiran ceto ta tauraron ɗan adam a kan 406 MHz.

Kada ku dogara da rediyon VHF, wanda jirage ke magana da juna da shi. Tasha ta 16 ta kira ce da neman agaji, kuma tsakanin jirgi da jirgi ba ta wuce kamar mil 20, rediyon hannu ma mil 5 da ƙyar. Bayan 'yan awanni da rabuwa ba za ku ji juna ba. Ku naɗa mutum ɗaya a kan tudu, ko a nan gida ne, a ba shi sunan kowane jirgi, hanyarsa, lokacin isa, da lambar kamfanin haya. A tsayar da sa'a: idan ta wuce da awa shida babu saƙo, ya kira kamfanin. In ba a tsayar ba, kowane ɓangare zai ɗauka rashin sabis ne kawai.

Malam Sani, Kawo:
Ƙari kan maganar Injiniya: ku tsara isa Pemba tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da rana ke sama ana hango duwatsun murjani. Ruwa mai shuɗi sosai zurfi ne, mai ruwan ƙasa dutse ne a kusa. Teku a can na cikowa da janyewa har kusan mita 4, don haka idan za a jefa anga a nemi yashi, a saki sarƙa ninki biyar na zurfin da ruwa zai kai idan ya cika, ba zurfin da aka tarar ba.