Jitata tana ƙugi a wajen biki: fikof zan canza ko gyara take so?

Ɗan Marusa

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar jita, don kuɗin da na tara ba su da yawa, ba na son in zubar da su a banza.

Jitata ƙirar Stratocaster ce amma kwaikwayo, yayana ya sayo mani ita daga Legas shekara huɗu da suka wuce. Fikof uku gare ta, wato maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya suna ɗaukar sautinta, duk masu kwayil (naɗin waya) ɗaya. Wuyanta ya zauna mani a hannu sosai, shi ya sa ko da wasa ban taɓa tunanin sayar da ita ba. Damuwata biyu ce. Ta farko ƙugi. Ranar Asabar muka yi wasa a wani biki a Sabuwar Unguwa, janareta na bayan rumfa, da na buɗe bolum sai sifika ta ɗauki wani zzzz har mawaƙinmu ya waiwayo ya harare ni a gaban iyayen amarya. Wallahi ban ji daɗi ba, don kwana uku na yi ina shirya wannan kiɗin. Na lura in makunnin zaɓen fikof yana mataki na 2 ko na 4, inda fikof biyu ke aiki tare, ƙugin yana raguwa, amma ba ya tafiya duka. Ta biyu, fikof na ƙasa, wanda ke kusa da inda tsirkiya ke ɗaure, muryarsa siririya ce mai tsini, kamar ana kaɗa gwangwanin madara.

Wani abokina da ya bar kiɗa yana da fikof biyu na kamfanin Seymour Duncan da zai sayar mani. Ɗaya JB ne, babba. Ɗayan Little 59, mai girman nawa. Wanne zan ɗauka? Kuma kowanne waya biyar gare shi, baƙa, kore, ja, fara da wata tsirara, alhali nawa biyu ne kacal. Ina kowace za ta?

Baba Mai Rediyo

Wa alaikumus salam, yaro. Ni ban iya kaɗa jita ba, amma shekara talatin ina riƙe da ƙarfen dalma a bakin Ƙofar Ƙaura, kuma makaɗa da yawa sun kawo mani nasu. Kafin ka ba abokinka ko sisi, yi mani abu ɗaya. Haɗa jitar, buɗe bolum, kada ka taɓa komai, ka saurara. Sannan ka ɗora tafin hannunka a kan tsirkiyoyin. In ƙarar ta ragu, wayar ƙasa, wato ta earth, tana aiki. In ba ta canza ba, ko ma ta ƙaru, to wayar da ta tashi daga bayan bolum, wato ƙarfen da ke ƙarƙashin maɓallinsa a cikin jitar, ta tafi ga ƙarfen da ke riƙe da sifirin a bayan jitar ta tsinke. Wannan na fi gani a jitocin kwaikwayo, don dalma ɗigo ɗaya suke sa mata, zafi da jijjigar babur su gama da ita.

Ka sani ƙara iri biyu ce, mutane na haɗa su. Akwai zzzz mai kaifi, wadda fitilu da cajar waya da wayoyin da aka shimfiɗa barkatai ke jefowa. Maganinta a liƙe cikin ramin jitar da bayan farantin da fikof ke ɗaure a kai, da takardar jan ƙarfe mai gam, kowane yanki ya hau kan ɗan'uwansa, a haɗa duka da wayar ƙasa. In ba a samu ta jan ƙarfe ba ta alminiyum ma tana yi, sai dai dalma ba ta kama ta, da ƙusa za ka danne wayar. Akwai kuma huuum mai kauri. Wannan wutar ƙasarmu ce da ke juyawa sau 50 a daƙiƙa, kwayil ɗaya kuwa ba shi da yadda zai yi sai ya kwaso ta. Takarda ba ta kashe wannan. Alamarta ita ce in ka juya jikinka da jitar a hankali za ka sami wata fuska da take lafawa.

Abin da ya sa kake samun sauƙi a 2 da 4, fikof naka na tsakiya an naɗe wayarsa a juye, maganaɗisunsa ma a juye. In ya haɗu da maƙwabcinsa ƙugin ɗaya ya cinye na ɗayan, muryar tsirkiya ta wuce. Dabarar hambaka ke nan, kwayil biyu a gida ɗaya, wadda Seth Lover ya ƙirƙiro wa kamfanin jita na Gibson a 1955.

Batun liƙa waya da dalma kuma, ga abin da nake gaya wa yarana a shago. Ƙarfe mai wat 40 ka nema, ƙarami ba zai iya da bayan bolum ba. Ka kankare wurin da bakin wuƙa har ya yi haske, ka shafa wa wayar dalma daban, wurin ma daban, sannan ka haɗa su. Daƙiƙa uku zuwa huɗu ka ɗaga. Liƙi mai kyau santsi yake yi yana sheƙi. In ya dunƙule kamar kashin akuya bai kama ba. Kuma ka ɗauki hoton wayoyin da wayarka kafin ka cire ko guda.

Na Kusugu

Baba ya gama magana a kan ƙugi, Allah ya ƙara girma. Ni a kan zaɓi zan tsaya, don nan ne na taɓa ƙonewa.

Ɗan'uwa, ba ka faɗa mana irin kiɗan da kake yi ba, kuma shi ne kan zancen. In irin namu ne, na biki, da yatsu, murya wasai irin ta makaɗan Agadas da muke ji daga tsallaken iyaka, to ka bar JB inda yake. Ba aibu gare shi ba, an yi shi ne don masu son amfilifaya ta yi gurnani. In ka sa masa mita za ka ga wajen 16k, wato om dubu 16, alamar yawan naɗin wayarsa, alhali fikof na Stratocaster da aka saba yana tsakanin 5.5k da 6.5k. Yawan naɗi yana ƙara ƙarfi da kaurin tsakiya, amma yana danne ƙyallin sama. Ni na sa irinsa a tawa shekarun baya a nan Daura, na yanke faranti, na sa kafinta ya faɗaɗa ramin. Duk sanda na sauko daga fikof na wuya zuwa gare shi sai ƙara ta yi tsalle, ganga da mawaƙi su nutse. Wata shida na cire shi, ramin kuwa yana nan har yau, ba ya komawa.

Sannan JB ya fi son bolum mai 500k, taka kuwa mai yiwuwa 250k ce, ka duba an buga a bayanta. Ka ga aiki ya ƙaru. Little 59 zai shiga ramin da kake da shi da kusoshi biyun nan, ba yanka ba sassaƙa, kuma hambaka ne, don haka huuum ɗin da Baba ya ce zai tafi a mataki na 1, inda na ƙasan ke aiki shi kaɗai.

Amma ina roƙonka ka gwada abu ɗaya tukuna, kyauta ne. Danne tsirkiya a gaɓar ƙarshe ta wuya, ka auna tsakaninta da kan fikof. Ya kamata ya kai wajen milimita 2 a gefen sirara, biyu da rabi a gefen masu kauri. Da yawa muna ɗaga shi har ya kusa taɓa tsirkiya don neman ƙarfi, sai maganaɗisu ya riƙa jan ta, murya ta yi tsini ta mutu da wuri. Rabin gwangwanin da kake ji zai iya zama daga nan ne. Ka kuma juya fikof naka ka leƙa ƙarƙashi. In ka ga baƙin sanda manne da gam, siramik ne, shi ake sa wa masu araha. Na asali ƙusoshin shida su kansu ne maganaɗisun, alniko ake ce masa, kuma muryarsa ta fi taushi a kunnena.

Ka je wurin abokin naka da mita. Jabu ya yi yawa, har da tambari.

Hajara Sauti

Yaya Na Kusugu, ban yarda da kai duka ba. Ni ke riƙe da na'urar haɗa sauti a wani situdiyo a unguwar Layout, kuma jitoci masu siramik da yawa sun shigo sun fita da murya mai daɗi. Sau tari tsirkiyar ce ta shekara ba a canza ba, ta yi tsatsa da gumi. Amma kan JB gaskiyarka ne.

Ɗan Marusa, ga wayoyin, tunda babu wanda ya ba ka. A tsarin Seymour Duncan baƙa ce mai ɗauke da sauti, ita za ta hau makunni daidai inda ka cire ta tsohon. Kore da tsirara su tafi bayan bolum. Ja da fara ka murɗe su tare, ka liƙe da dalma, ka naɗe da tef kada su taɓa komai. Kada ka ɗauki zanen DiMarzio ka yi aiki da shi, su ja ce mai sauti, launukan kowane kamfani daban.

Kafin ka mayar da tsirkiya, haɗa da amfilifaya ka ɗan ƙwanƙwasa kan fikof da bakin sukudireba a kowane mataki, ka ji wanda ke amsawa. Bayan ka ɗaura, saurari mataki na haɗin sabon da na tsakiya. In murya ta zama siririya ta hanci, ƙarfinta ya faɗi, to suna ture juna ne. Yana yawan faruwa in aka haɗa Duncan da masu kwayil ɗaya na wani kamfani. Sai ka musanya: kore ta hau makunni, baƙa ta koma ƙasa. Tsirara kam ƙasa take ko yaushe.

Ɗan Marusa

Allah ya saka maku da alheri, ku duka. Baba, hannuna a kan tsirkiya ko babu, ƙarar ɗaya ce. Da na buɗe murfin baya sai ga wayar tana lilo, ko taɓa ƙarfen ba ta yi. Na kai jitar wurin wani mai gyaran talabijin a unguwarmu, na zauna kusa da shi muka yi tare, shi da ƙarfe ni da hoton da na ɗauka. Takardar jan ƙarfe ba mu samu ba, ta alminiyum muka sa. Zzzz ɗin ta tafi kusan duka tun kafin mu taɓa fikof.

Yaya Na Kusugu, na auna, na ƙasan bai kai milimita ɗaya daga tsirkiya ba, ni da hannuna na ɗaga shi bara. Na sauke shi, tsinin ya ragu ƙwarai, har na yi kwana biyu ina shakkar sayen. Amma huuum yana nan a mataki na 1, kuma nan nake yawan kaɗawa in biki ya yi zafi, don haka na karɓi Little 59. Mita ta nuna 11k da ɗoriya.

Hajara, abin da kika faɗa shi ya faru. Mataki na 2 ya fito ta hanci kamar algaita daga nesa. Sai da muka sake kwance tsirkiya shida da kusoshin faranti don waya biyu. Yanzu ya zauna, da na kaɗa wa mawaƙinmu jiya da dare ya ce in maimaita.

Saura abu ɗaya. Na lura maɓallan ton biyu, masu rage kaifin murya, ba su taɓa fikof na ƙasa ko kaɗan, ɗaya na wuya ne ɗaya na tsakiya. Ana iya jawo na biyun ya riƙa aiki a kan sabon? Kafasiton da ke ciki an rubuta masa 473. Muna da biki a Batagarawa ranar Juma'a, ina so in san ko in sake buɗe ta kafin nan ko in bari sai mun dawo.